Waiwaye: Hanyar da ta kai kocin jami'a ga kujerar manajan Giants

Tun ranar 22 ga Oktoban 2025 da ƙungiyar San Francisco Giants ta sanar da ɗaukar Tony Vitello a matsayin manajanta, masu bin wasan besbol a Amurka ba su daina ja-in-ja ba. Kai tsaye daga Jami'ar Tennessee aka ɗauko shi. Bai taɓa buga wasa a babbar gasar ƙwararru ta MLB ba, bai buga wa ƙananan ƙungiyoyinta ba, bai kuma horar da kowa a cikinsu ba ko da na wuni guda. Shi ne mutum na farko da ya tashi daga kujerar kocin jami'a ya hau ta manajan babbar ƙungiya ba tare da ya bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba.

Masu suka suna da abin faɗi, kuma bai kamata a raina shi ba. A jami'a ana buga wasa kusan 56 kafin a shiga zagayen neman kofi, a MLB kuwa 162 ne, kusan kullum, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Ɗalibai da sandar ƙarfe suke bugu, ƙwararru da ta katako. Kocin jami'a shi ke da wuƙa da nama, shi ke nemo yara, shi ke ajiye wanda ya ga dama a benci. Manajan MLB kuwa magidanta zai tarar masu kwantiragin miliyoyin daloli, wasunsu sun fi shi albashi ninkin-ba-ninkin, sannan akwai ofis a sama da ke yanke wa za a saya da wa za a sallama. Ga kuma zafin ran da aka san Vitello da shi a bakin fili, wanda ke tayar da tsimin ɗan shekara 19, amma ana tambayar ko zai yi tasiri a kan ɗan shekara 33 da ya gaji a tsakiyar watan Agusta.

Abin da nake ganin ana tsallakewa a wannan muhawara shi ne yadda aka yi har wata babbar ƙungiya ta ga dacewar leƙa harabar jami'a tana neman shugaba. Ruwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. A 1859 kwalejin Amherst da ta Williams suka buga wasan besbol na farko tsakanin makarantun gaba da sakandare. A 1947 aka fara gasar ƙarshe ta jami'o'i, a 1950 ta koma birnin Omaha na jihar Nebraska inda take har yau. Shekaru da dama jami'o'in yammacin ƙasar ne ke cin karensu ba babbaka, musamman Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Rod Dedeaux, wadda ta ɗauki kofin sau biyar a jere daga 1970 zuwa 1974. Duk da haka ƙwararru kallon wasan yara suke yi wa abin. Ron Fraser na Jami'ar Miami ne ya nuna cewa wasan zai iya tara jama'a da kuɗi, har ya kai shi akwatin talabijin, sannan tsohon mataimakinsa Skip Bertman ya koma Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, a 1984, ya ci kofi biyar tsakanin 1991 da 2000. Daga nan ƙarfin wasan ya gangaro kudu maso gabas, inda sanyi ba ya hana atisaye a watan Fabrairu, inda kuma filin jami'a ke iya cika da mutum sama da 10,000.

Ko a wancan zamanin an taɓa gwada ɗauko koci daga jami'a. Bobby Winkles ya ci kofi uku da Jami'ar Jihar Arizona a shekarun 1960, ya zama manajan California Angels a 1973. Amma shi ya buga wa ƙananan ƙungiyoyi a ƙuruciyarsa, ya kuma yi shekara guda yana mataimaki kafin a ba shi ragama, kuma bai cika kaka biyu a kujerar ba.

Shi kansa Vitello ɗan wannan duniyar jami'a ne tun daga tushe. An haife shi a St. Louis a 1978, ya yi wasa a Jami'ar Missouri, ya zama mataimakin koci a can daga 2003, lokacin da Max Scherzer, wanda daga baya ya shahara a MLB wajen jefa wa mai sanda ƙwallo, yake ɗalibi. Ya wuce Jami'ar TCU a jihar Texas, sannan Jami'ar Arkansas, kuma duk inda ya je da iya farauto yara masu hazaƙa aka san shi. Da Tennessee ta ɗauke shi a Yunin 2017, rabon ƙungiyar da shiga gasar ƙasa tun 2005. Ya mayar da ita a 2019, ya kai ta Omaha a 2021 da 2023. A 2022 ta ci wasa 57, tana kan gaba a ƙasar kusan duk kakar, sai Jami'ar Notre Dame ta fitar da ita a gidanta ana saura taki ɗaya a isa Omaha. A 2024 ta ci wasa 60, ta doke Jami'ar Texas A&M a wasan ƙarshe da ci 6 da 5, ta ɗauki kofin ƙasa na farko a tarihinta. Ya bar Knoxville, garin da Jami'ar Tennessee take, da nasara 341 da rashin nasara 131.

Waɗannan alƙaluma kowa ya ji su a makon da aka naɗa shi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru a 2020, shekarar korona, lokacin da hankalin duniya yake wani wuri dabam.

Sai an fahimci tsohon tsarin kafin a gane girman sauyin. Kowace babbar ƙungiya tana da jerin ƙananan ƙungiyoyi a garuruwa daban-daban, kamar makarantun renon 'yan wasa da muka sani a ƙwallon ƙafar Turai, sai dai su waɗannan matakai ne hawa-hawa, kowane da tasa gasar. Yaro zai gama sakandare, a zaɓe shi, a tura shi matakin ƙasa, ya yi shekara huɗu ko biyar yana bin doguwar mota daga gari zuwa gari a kan ɗan albashin da ba ya kai shi ko'ina, ana gyara masa riƙon sanda da tsayuwa da jifa. Masu horarwa ma ta nan suke bi. Kafin mutum ya zama manaja a sama, yawanci sai ya sha ƙurar waɗannan garuruwa. Wannan ita ce hanyar da masu sukar Vitello ke cewa bai bi ba.

To, a 2020 aka taƙaita hanyar kanta. Zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi zagaye 40, ana ɗibar yara kusan 1,200, aka mayar da shi zagaye 5 a wannan shekarar, mutum 160 kacal. Wanda ba a zaɓa ba, in wata ƙungiya na son sa, ba za ta ba shi fiye da dala 20,000 na sa hannu ba. Aka soke kakar ƙananan ƙungiyoyi gaba ɗaya saboda annoba. Ita kuma hukumar wasannin jami'o'i ta ƙara wa ɗaliban da kakarsu ta yanke shekara guda ta wasa. Ɗaruruwan yaran da a da za su bar makaranta ko su ƙi shigarta tun farko sai suka taru a jami'o'i lokaci guda.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da shekara ɗaya ce ta larura ta wuce. Amma a ƙarshen wannan shekarar aka sake fasalin tsarin baki ɗaya: ƙananan ƙungiyoyi masu alaƙa da manya suka ragu daga 160 zuwa 120, aka bar wa kowace babbar ƙungiya guda huɗu. Matakan ƙasa masu gajerar kaka, inda ake fara ajiye ɗanyen yaro, su aka fi shafewa. Daga 2021 zaɓen ya tsaya a zagaye 20, rabin na da, kuma haka ya zauna. Daga baya aka sa iyaka ga adadin yaran da ƙungiya za ta iya riƙewa a cikin gida, har ya sauko zuwa 165.

Akwai misalin da ke kusa da Knoxville ɗin ma. Gasar Appalachian, wadda asalinta ya koma 1911, tana da ƙungiyoyi a ƙananan garuruwan gabashin Tennessee irin su Johnson City da Kingsport da Elizabethton da Greeneville. Shekara da shekaru nan ne sababbin ƙwararru ke fara taka fili. Daga 2021 aka mayar da ita gasar hutun bazara ta ɗaliban jami'a, suna bugu da sandar katako. Filayen suna nan, 'yan kallon garin suna nan, amma yaran da ke ciki yanzu na kocin jami'a ne, gare shi za su koma idan hutu ya ƙare.

Ma'anar wannan a fili take. Aikin reno na shekara uku, daga 18 zuwa 21, wanda shi ne mafi wahala kuma mafi tsada, babban kasonsa ya koma hannun jami'o'i. Su kuma manyan jami'o'in kudu sun riga sun shirya: ɗakunan motsa jiki, na'urorin auna gudun ƙwallo da juyawarta, kyamarorin da ke bin hannun mai jifa, likitoci, masu tsara abinci. A 2021 ɗin dai aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, aka kuma sassauta musu sauya makaranta ba tare da zaman jira na shekara guda ba. Kocin jami'a ya wayi gari yana cinikin 'yan wasa, yana lallashin wanda ke son tafiya, yana lissafin kasafi, yana amsa tambayoyin 'yan jarida bayan kowane wasa. Rabin aikin manajan ƙwararru ke nan ya same shi har gida.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Garrett Crochet, ɗalibin Vitello, an zaɓe shi a Yunin 2020, a Satumba ya riga ya fara jefa wa Chicago White Sox ƙwallo ba tare da ya taka ƙaramar ƙungiya ba. A 2022 Ben Joyce, shi ma a Tennessee, ya yi jifa mai gudun mil 105.5 a sa'a, kusan kilomita 170, abin da ko a cikin ƙwararru ƙalilan ne suka taɓa kaiwa. Paul Skenes ya ci kofi da LSU a Yunin 2023, aka zaɓe shi na ɗaya a Yuli, ya fara buga wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta MLB a Mayun 2024, bayan wata biyu shi ya buɗe jifa a wasan taurari na shekara.

Masu horarwa ma suka fara kai-komo tsakanin gidajen biyu. Wes Johnson, wanda suka yi aiki tare da Vitello a Arkansas a 2017, Minnesota Twins ta ɗauke shi kocin masu jifa a ƙarshen 2018. A tsakiyar kakar 2022, ƙungiyarsa tana saman rukuninta, ya ajiye aikin ya koma LSU, a can ya horar da Skenes. A ganina wannan komawar ta fi naɗin Vitello nuna inda aka kwana, domin shekara 20 baya ba wanda zai bar babbar gasa ana tsaka da nasara ya tafi makaranta. Pat Murphy kuwa, tsohon kocin Notre Dame da Jihar Arizona, ya ci kyautar manajan shekara na rukuninsa da ƙungiyar Milwaukee Brewers a 2024 da 2025, ko da yake shi ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi tukuna. Shi kansa Vitello, albashinsa a Tennessee ya kai dala miliyan 3 a shekara, ya fi na manajoji da yawa a MLB.

Abin da ke damuna a wannan sauyi bai shafi ko Giants za ta ci ko ba za ta ci ba. Tsohuwar hanyar, duk da wahalarta, tana da ƙofa ga ɗan talaka da ba shi da kuɗin makaranta, da kuma yaron da bai nuna kansa da wuri ba, irin wanda ake ɗauka a zagaye na 30 ya zo ya ba da mamaki. Jami'a kuwa tun farkon shekarun 1990 tallafin karatu na mutum 11.7 kawai aka yarda ƙungiyar besbol ta bayar, ana gutsuttsura shi tsakanin yara sama da 20, iyaye su cike sauran. Kafin ma koci ya ga yaro, sai iyayensa sun kashe kuɗi suna kai shi gasannin baje hazaƙa daga jiha zuwa jiha. A Yunin 2025 wata yarjejeniya da kotu ta amince da ita ta cire wannan iyaka, ta ba da damar a ɗauki nauyin duka 'yan wasa 34. Jami'ar da filinta ke cika za ta iya biya. Ƙaramar makaranta a arewa mai ƙanƙara, wadda ke buga makonninta na farko duka a waje, da wuya ta iya. Tun 2019 ba wata jami'a da ta ɗauki kofin Omaha, har zuwa na 2025, sai 'yar ƙawancen kudu maso gabas na SEC.

Akwai kuma ɓangaren da ƙwarewar jami'a ba ta taɓa ba sam. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasan MLB a wajen Amurka aka haife su, mafi yawansu daga Jamhuriyar Dominika da Benezuwela. Waɗannan tun suna shekara 16 ake sa musu hannu, ba su san Omaha ba, da yawansu da Sifaniyanci suke hira a ɗakin sauya kaya, kuma ta ƙananan ƙungiyoyin da suka rage suke hawowa har yanzu. A Knoxville da kansa Vitello yake zuwa gidan yaro ya zauna da iyayensa kafin ya ɗauke shi. A San Francisco zai jagoranci mutanen da wasu suka zaɓa, wasu suka yi renonsu, a kan hanyar da shi bai bi ba.