Shin Teksas Tana da Izinin Ɓallewa Daga Amurka?

Mutumin Teksas ba ya wasa da jiharsa. Zai gaya maka gashin naman sa irin nasu, wanda ake bari ya kwana cikin hayaƙin itace, shi ne gashi, na alade da ake yi a jihohin Karolina kuwa wasan yara ne. Miyarsu ta nama da barkono, wadda majalisar jihar ta ayyana abincin jiha a 1977, ka zuba mata wake ka ja wa kanka faɗa. Daga nan sai ya ɗora da cewa ai jiharsu kaɗai ce ke da izinin ficewa daga Amurka duk ranar da ta ga dama.

Wannan na ƙarshe ba haka yake ba. Gaskiya ne Teksas ta yi zaman ƙasa mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845. Amma ƙudurin da majalisar Amurka ta zartar don shigo da ita bai ambaci ficewa ba. Abin da ya ce shi ne, da yardarta za a iya yanko sababbin jihohi har huɗu daga cikinta. Rarrabuwa ke nan a cikin gida, ba fita ba.

Ta ma taɓa gwadawa a 1861, aka sha yaƙin basasa, ɓangarenta ya sha kashi. A 1869 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ficewar ba ta taɓa halatta ba, domin babu jihar da za ta fita bisa raɗin kanta.