Tari

Tari shi ne fitar iska daga huhu da ƙarfi a lokaci guda, tare da sauti, domin kawar da abin da ya tsaya a maƙogwaro ko hanyoyin numfashi, kamar majina, ƙura ko hayaƙi. Kalmar suna ce jinsin namiji, kuma ba ta da fi'ili nata na kanta, sai dai a haɗa ta da "yi": ya yi tari, tana ta tari.

Rubutu da furuci

A rubutun boko akwai kalmomi uku da ake rubutawa "tari". Akwai na ciwo, akwai na tara abu, kamar tarin yashi, akwai kuma na tare abu, kamar a "tarin aradu da ka". Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki, amma da yake boko ba ya nuna waɗannan, mai karatu kan gane wanda ake nufi daga jimla.

Amfani na yau da kullum

Masu magana kan ɗauki tari tamkar abin da ke afka wa mutum. Sai a ce tari ya kama shi, ya sarƙe shi, ko ya turnuƙe shi har idanunsa suka kawo ruwa. In babu majina, busasshen tari ke nan. In kuwa ana fitar da ita, wannan fitarwar ita ce kaki. Wanda ruwa ko abinci ya bi masa ta hanyar iska, ƙwarewa ya yi, ko da tari ne ya biyo baya. Gyaran murya ma daban yake, domin da gangan ake yin sa, ko don fara magana ko don a san mutum na kusa.

Kalmar kan tsaya a matsayin mafi ƙanƙantar sautin da mutum zai fitar. "Ko tari bai yi ba" na nufin bai ce uffan ba, sau da yawa saboda tsoro ko kwarjinin wani.

Sunayen cututtuka

Tarin fuka shi ne wanda a asibiti ake kira tibi. Robert Koch na Jamus ne ya sanar da gano ƙwayar cutar a ranar 24 ga Maris, 1882, abin da ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana duk shekara. Sunan na da ruɗani, tunda wasu na kiran asma da fuka, alhali asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, tibi kuwa tana bin iska. Wannan ruɗani abin damuwa ne, domin yana iya sa mai ciwo ya jinkirta zuwa gwaji. Ma'aikatan lafiya na shawartar duk wanda tarinsa ya kai mako 2 ya je a auna kakinsa.

Tarin shiƙa ya fi yi wa jarirai illa, kuma yana da allurar rigakafi.