Shin ƙasa tana tace duk wani datti kafin ya kai ga ruwan rijiya?

A zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, mun taso muna jin cewa muddin rijiya ta yi zurfi, ƙasa ta riga ta tace ruwanta. Maganar tana da tushe, domin yashi da laka suna tare laɓo da ƙwayoyin cuta da dama. Sai dai abin da ya narke cikin ruwa, kamar gishiri, sinadarin asenik mai guba ko ɓurɓushin fetur, yana iya ratsawa.

A jihar Kolorado ta Amurka an gwada gasa wani dutse mai ɗauke da mai tun yana ƙarƙashin ƙasa, da zafin da ya haura digiri 300, don man ya fito. Wajen kare ruwan ƙarƙashin ƙasa daga gurɓacewa, injiniyoyin ba su dogara da tacewar ƙasa ba. Sun huda ramuka kewaye da filin gwaji, suka riƙa zagaya ruwan sanyaya a bututu har ƙasar ta daskare ta zama katangar ƙanƙara, suka zuƙe ruwan da ke ciki, suna kuma auna na waje ta rijiyoyin sa ido. Ni dai wannan wahalar ta ishe ni hujja.

Mu ma akwai abin yi. A auna nisan rijiya daga masai. Ana son aƙalla mita 30. A duba ko ana zubar da baƙin mai kusa. Kyan ruwa a ido ba shaida ba ne, asenik ba shi da launi ko ɗanɗano, don haka a kai samfur ɗakin gwaji.

Don Allah a tura wa 'yan uwa da masu gidajen haya.