Musayar dabarun hoton kimiyya tsakanin matasan masu bincike

Kimiyyar hoto ita ce fannin da ke nazarin yadda ake ɗauko hoton abin da ido ba ya iya gani, ko ƙwayar halitta ce ko cikin ƙwaƙwalwa ko tauraro, da yadda ake tace hoton a ciro lissafi daga cikinsa. Ba sashe ɗaya ne ke da ita a jami'a ba, masu fiziks da likitoci da masana taurari da 'yan kwamfuta duk suna ciki, shi ya sa dabara kan tashi daga wani fanni ta faɗa wani, kuma sau da yawa ɗaliban digirin digirgir ne ko waɗanda ba su daɗe da gamawa ba ke ɗaukarta su tafi da ita idan sun canza lab.

Tarihi

Lawrence Bragg yana da shekara 22 a 1912 lokacin da ya fitar da lissafin da ake gane tsarin kiristal da hasken eksire, ya kuma karɓi Nobel a 1915 tare da mahaifinsa. Wannan dabara ce Rosalind Franklin ta ƙware a kanta a Faris daga 1947, kuma a kan gawayi da kabon take aiki, ba ruwanta da halittu a lokacin, sai da ta koma King's College a Landan a 1951 ta juya ta kan DNA. Shahararren hoton DNA mai lamba 51 ɗalibinta Raymond Gosling ne ya ɗauka a 1952. Yadda hoton ya kai hannun James Watson, ɗaya daga cikin waɗanda suka bayyana tsarin DNA, har yau ana jayayya.

Marvin Minsky, wanda daga baya aka fi sani da ƙirƙirarriyar basira, lissafi ya karanta, amma yana matashi a Harvard wajen 1955 ya so ganin yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗe, sai ya ƙera maikroskop ɗin konfokal mai toshe hasken da bai fito daga inda ake kallo ba. Ya nemi rajistarsa a 1957, na'urar ta yi ta zama ba mai kula ta har zuwa shekarun 1980 da leza da kwamfuta suka wadata. Shi ma Stefan Hell ɗan fiziks ne, yana Turku ta Finlan ba shi da kujerar dindindin ya wallafa dabarar STED a 1994, dabarar maikroskop ta leza wadda ta tsallake iyakar ƙanƙantar abin da maikroskop na haske ke iya bambancewa, kusan nanomita 200, da masanin fiziks Ernst Abbe ya bayyana tun 1873. Nobel ɗin 2014 kuwa a kemistiri aka ba shi, abin dariya, tare da Eric Betzig da William Moerner.

Daga taurari zuwa asibiti

Masanin taurari Horace Babcock ya kawo shawarar madubi mai lanƙwasa don gyara rawar da iska ke sa hoton tauraro a 1953, a 1997 masu bincike a Rochester ta Amurka suka yi amfani da shi wajen leƙa can cikin ƙwayar idon mutum mai rai. Lissafin Richardson da Lucy na goge dishi-dishin hoto, na 1972 da 1974, ya taimaki Hubble, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, kafin a gyara matsalar madubinta a 1993, yanzu masu maikroskop ke ta amfani da shi.

Halin yanzu

Yawanci ta manhaja kyauta ake musayar, kamar ImageJ da Wayne Rasband ya fitar a 1997, sai kwasa-kwasan bazara da tarukan da ɗaliban ke shirya wa junansu. Katie Bouman daga fannin kwamfuta ta shiga tawagar da ta fitar da hoton baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓucewa daga jansa, na gungun taurarin M87 a 2019, an yi ta cece-kuce a intanet kan girman rawar da ta taka, ita dai ta ce aikin tawaga ne.

Matsaloli

Kalma ɗaya kan ɗauki ma'ana daban a kowane fanni, haka ma tsarin ajiye fayil ya bambanta, asibiti na ajiyewa a tsarin DICOM, masana taurari a tsarin FITS.