Rage wa bishiya rassan ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake sare rassan ƙasa tun farko?

Saboda hanya. Darbejiyar ƙofar gida a Kano in aka bar ta, rassanta sai su riƙa shafar rufin adaidaita sahu, su danne katanga, mai wucewa sai ya sunkuya. Da an ɗage su, iska ta ratsa, 'yan majalisa su shimfiɗa tabarma ganye bai taɓa hular kowa ba.

Yaushe ya fi dacewa?

Tun reshen bai kai kaurin damtse ba, don ƙaramin rauni ya fi saurin rufewa. Darbejiya a yi mata da rani, kafin iskar farkon damina ta Mayu da Yuni. Mangwaro kuwa cikin hunturu yake fure, don haka a jira sai an gama tsinkar 'ya'yansa.

Rassa nawa za a cire?

Nan ake ɓarna. Sai ka ga an kira mai adda, ya hau ya yi ta sara har ya bar ɗan tukku a sama kamar zankon yaro, wai an yi gyara. Alhali da ganye bishiya ke haɗa abincinta. Kashi biyu cikin uku na tsawonta ya kamata ya rage da ganye. In aikin da yawa, a raba shi shekara biyu ko uku. Wadda aka tsiraita kan tofo da tsirrai barkatai a jikinta, marasa ƙwari, masu saurin karyewa.

Yaya ake yankan?

Zarto ya fi adda. Reshe mai nauyi sau uku ake yankarsa. A fara tsaga shi ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga jikin bishiya. Sai a yanke ta sama, gaba kaɗan da tsagar, ya faɗi bai yago ɓawo ba. Daga nan a cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan na gindin reshe, amma kada a taɓa kumburin, shi ne ke rufe raunin. Dogon kututture kuma ruɓewa yake yi, gara ta samu ƙofa.

A shafa baƙin mai ko fenti a wurin?

A'a. Baƙin mai na ƙona ɗanyen nama, fenti kuma na riƙe danshi. A bar shi ya bushe da kansa.

In reshen ya shiga wayar wuta fa?

Wannan ba aikin mai adda ba ne. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta. A sanar da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, su kashe layin tukuna.