Wahalar Haɗiya Ba Tsufa Ba Ce Kawai

A Zangon Kumasi an daɗe ana ɗauka cewa idan dattijo yana yawan sarƙewa da koko, ko lomar tuwo tana tsaya masa a wuya, tsufa ne kawai. Wannan kuskure ne. Sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce ta raunana jijiyoyin haɗiya, ko cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki, ko ciwon daji ya matse hanyar abinci.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ke zarcewa huhu, wani lokaci ba tare da tari ba, ya riƙa jawo ciwon nimoniya, mutum kuma yana ramewa saboda tsoron ci. Wanda muryarsa ke dushewa bayan kurɓar ruwa, a kai shi asibitin Komfo Anokye a duba shi.