Wai "batirin zuciya": sunan ne ma ya fara rikita mu

Tun da aka sa wa Netanyahu na Isra'ila na'urar nan ta daidaita bugun zuciya (pacemaker) a ƙirji a watan Yulin 2023 kalmar batirin zuciya ta kama bakin mutane, yanzu da an ce zuciyar wane ta gaza sai ka ji ana cewa ai a kai shi Masar ko Indiya a sa masa batir shikenan. Ranar nan ma na ji wani a rediyo yana bayani da ƙarfin gwiwarsa wai batirin caji yake yi wa zuciya. Haba malam, zuciyar waya ce?

Batirin da ke ciki na'urar yake ba wa wuta, ba zuciyar ba. Ita na'urar ɗan lantarki kawai take aikawa ta siririyar waya ta ce wa tsokar zuciya "buga yanzu", amma ƙarfi ko na kwabo ba ta ƙara mata. Ni da za a bi ta tawa ma da makaɗin zuciya aka kira ta.

Wanda ya taɓa zuwa gayya zai gane. Makaɗi ba ya riƙe fartanya, aikinsa ya sa fartanyu su sauka tare, sai ka ga kunya ta ƙare nan da nan alhali mutanen nan dai su ne ɗazu kowa ke sara lokacin da ya ga dama. To wasu masu gazawar zuciya haka matsalarsu take, saƙon lantarki na makara kafin ya isa ɓangaren hagu, wannan bango ya matse wancan bai tashi ba tukuna, jinin ya yi ta kai da komo a ciki maimakon ya fita. Su ake sa wa mai waya uku da likitoci ke kira CRT, ta haɗa bugun ya zo lokaci guda. Amma in 'yan gayyar yunwa ce ta kayar da su fa, ko makaɗi ya fasa ganga ba a gama gonar nan. Zuciyar da tsokarta ta mutu ta zama tabo kenan.

Shi ya sa ba kowa ake sa wa ba, sai an yi eko, wato hoton zuciya, an ga jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu bai wuce kashi 35 cikin 100 na wanda ke cikinta ba, ECG kuma, wato gwajin lantarkin zuciya, ya nuna makarar nan, an sha magani yadda ya kamata amma haki da kumburin ƙafa sun ƙi tafiya. In an dace da mutum tana aiki sosai kam. Binciken CARE-HF da aka yi a Turai kan mutum 813, wanda ya fito a 2005, ya nuna cikin kusan shekara biyu da rabi kashi 20 na waɗanda aka sa wa suka rasu, masu magani kaɗai kuwa kashi 30. Sai dai duk da tantancewar nan kusan ɗaya cikin uku ba sa jin wani sauƙin kirki, wannan ne masu tara wa ɗan uwa kuɗin jirgi ba a gaya musu. Maganin ma ba a ajiye shi, har gobe ana sha.

Batun caji kuwa, ba a jona batirin a soket. In ya yi sanyi, galibi bayan shekara 5 zuwa 10, sake tsaga fatar ake a canza akwatin gaba ɗaya, wayoyin a bar su inda suke in lafiyarsu ƙalau.